Me Ya Sa Mu Ke Zuwa Biki?

  

Yau ba za mu taɓa allo ba sai can ƙarshe. Magana na zo da ita, maganar biki. Na ga wani can baya yana murmushi, watakila yana cewa a ransa, "Yau kuma Malam zai koya mana cin tuwon suna ne?" A'a, wannan kowa gwani ne, ba ya bukatar malami. Abin da na ke so mu duba shi ne, me ya kan sa mutum ya bar gonarsa ko sana'arsa, ya wanke riga, ya tafi inda jama'a ta taru, kuma me ya kan komo da shi gida.

Ga abin da ya jawo maganar. A makon jiya wani magidanci ɗan ajin nan ya ce mini shi ya daina zuwa taron kowa. Ya ce ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗi, ga kuma hanya ba lafiya. Ban ƙaryata shi ba, gama akwai gaskiya cikin maganarsa, za mu kuwa zo kanta. Amma ya lissafa abin da biki ke ci ne kaɗai, bai lissafa abin da ya ke bayarwa ba. Kun san ɗan kasuwan da ya rubuta abin da ya fita, bai rubuta abin da ya shigo ba, kullum zai ga kamar faɗuwa ya ke yi.

In na ce biki, ba suna da aure kaɗai na ke nufi ba. Har da Salla ƙarama da babba, da saukar karatu, da naɗin sarauta, da taron Maulidi, da wasannin kaka kamar dambe da kokawa da kalankuwa, da sharo na Fulani. Zaman makoki ba biki ba ne, amma shi ma taro ne, kuma ƙa'idarsu ɗaya: wanda ya je na mutane, shi mutane za su je nasa.

Bari mu fara da iyayenmu mata, don su suka fi mu sanin wannan lissafi. A wurinsu kalmar biki ba taron kaɗai ta ke nufi ba, har da kuɗin da mace ta kan kai wa ƙawarta ran sha'ani. Misali, Hajara ta haihu, ƙawarta Rabi ta kai mata naira 500. Ran da Rabi za ta aurar da 'yarta, Hajara ba 500 za ta mayar ba, sai ta ninka, ta kai 1,000. In sha'ani ya sake zagayowa, Rabi ta kai 2,000. Haka za a yi ta yi, har in abin ya yi nauyi su yi shawara su koma ƙasa, su sake farawa. To, ku duba da kyau. Wannan ba kyauta ba ce kurum, ajiya ce. Matar da ke da ƙawayen biki ashirin, ta ajiye kuɗinta a gida ashirin. Ba ɓarawon da zai kwashe su dare ɗaya, gara ba ta cin su, mijinta kuma ba ya iya cewa ta ranta masa. Ran da bukata ta same ta, sai su taso mata gaba ɗaya. Maza da yawa su kan yi wa wannan abu dariya, su ce hidimar mata ce. Ni ban ga abin dariya ba. Na sha ganin gidan da kuɗin bikin uwargida ne ya rufa wa maigida asiri ran suna, alhali kuwa shi ne ke gaba wajen gunaguni in za ta fita unguwa.

Mu maza namu ba a ƙidaya shi da naira, amma a kan ƙidaya shi. Kowa ya san wanda ya zo ɗaurin aure, da wanda ya aiko da uzuri, da wanda ya yi shiru. Ba a rubuta wa, amma ba a mantawa. In damina ta yi tsakiya, ciyawa ta fi ƙarfinka, ka kira gayya, su wa za su zo da fartanyoyinsu? Waɗanda ka zauna a tabarmarsu ne. In gobara ta ci rumbunka, Allah ya kiyaye, su wa za su kawo dami ɗai ɗai? Su ne dai. In ka je neman wa ɗanka aure a wani gari, iyayen yarinya za su aika a bincika, abin da za a fara tambaya kuwa shi ne, mutumin nan yana shiga jama'a? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Goron da ka karɓa a ɗaurin aure bai kai kuɗin motar da ka biya ba, lalle. Ba goro ka je saye ba.

Sa'an nan akwai labari. A wurin taro ne za ka ji inda takin zamani ya yi sauƙi, da irin waken da ya yi kyau bana a Bungudu, da yadda a ke sayen masara a Funtuwa, da wanda ke neman leburori a Gusau. Rediyo ta kan faɗa maka abin da a ke yi a Abuja da Makka, amma ba ta faɗa maka cewa wane yana son sayar da bijiminsa. Aure nawa aka ƙulla daga haɗuwa a gidan biki? Ku tambayi kanku inda kuka fara ganin matanku. Na ga dattawa sun sunkuyar da kai, to, na bar maganar.

Masu sana'a kuwa ba sai na faɗa ba. Mako biyu kafin Salla tela ba ya barci. Mahauci, da mai goro, da mai lalle, da mai kitso, da mai ƙosai, da baduku mai gyaran kayan doki, da yaro mai tallan ruwa, kowa ya kan samu. Kuɗin da mai hali ya kashe ran biki ba ƙonewa su ke yi ba, hannun maƙwabcinsa su ke shiga.

Yanzu mu zo kan babban taro, watau Salla. A masallacin Idi mai gari da talaka, da attajiri da almajiri, sahu ɗaya su ke bi. Bayan an sauko a je gaisuwa. A garin sarauta kamar namu, hakimai da dagatai su kan zo su gai da 'Yandoton Tsafe, kamar yadda na Gusau ke gai da Sarkin Katsinan Gusau, na Bungudu kuma Sarkin Fulani. Yara su kan ɗauka kallon dawaki ne kaɗai. Amma ran nan ne talaka ke ganin shugabansa ido da ido, shugaba kuma ya ga yawan jama'arsa da halin da su ke ciki, ya yi musu jawabi a kan noma da lafiya da zaman tare. Har sunan sarautar ma karatu ne. Yaro zai tambayi ubansa, me ya sa a ke ce wa sarkinmu 'Yandoto? Sai uban ya ba shi labarin tsohon birnin 'Yandoto, wanda ya yi suna wajen malamai tun kafin jihadi. Me ya sa na Gusau ya ke Sarkin Katsina, alhali ga Katsina can? Sai a gaya masa wannan yanki a da can ƙasar Katsina ne ta yamma. Makaɗa ma suna da nasu aiki a nan. Marigayi Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, har yau in aka sa ta a rediyo, mutumin Tsafe da ke ci-rani a Ikko ya kan ji kamar an kira sunansa. Wannan abu da mu ke gani kamar ba kome ba, duniya ta san darajarsa. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ya kamata 'yan Adam su adana.

Akwai bikin da ya kashe gaba tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma ba nesa da mu ba ne. Kabawa da mutanen Sakkwato sun daɗe suna yaƙi da juna bayan jihadi, shekara da shekaru, kakanni suka bar wa jikoki. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta aka yi babban su don girmama baƙonsa. Daga nan abin ya zama na shekara shekara a Matan Fada, mutane dubbai su faɗa ruwa da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi girma. Jikokin waɗanda suka harbi juna da kibiya suka koma tsayawa gaɓa ɗaya suna ihu. Shi ma UNESCO ta sa shi cikin jerin nan a 2016. Ku lura, Kabawa sun iya su tun kafin 1934. Abin da ya ƙaru shi ne an gayyaci wanda a da a ke gaba da shi, ya kuwa amsa gayyata.

Kakanninmu sun san wannan dabara tun tuni. Dubi wasan taubasai. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, in sun haɗu sai ba'a, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. A watan cika-ciki taubashi ya kan bi taubashinsa ya karɓi kuɗin shara. Maganar da za ta jawo faɗa a wani wuri, a nan dariya ta ke jawowa. Dambe ma haka. Mahautan wannan gari su je wancan gari da kaka, samari su gwada ƙarfi a fili gaban manya, da makaɗi da mai rabo. Wanda aka kayar ya tashi, a ci tuwo tare. Ƙarfin da ke cikin saurayi dole ya fita ta wani wuri, gara ya fita a da'irar dambe.

To, me ke faruwa in taro ya mutu? Wannan ba sai na ba ku labarin wata ƙasa ba, mun gani da idonmu. A 2020 cutar korona ta sa aka hana hawan Salla a manyan birane irin Kano, alhazanmu ma ba su sami zuwa Makka ba. A watan Satumba na 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako mako, aka kuma yanke layukan waya, aka yi makonni da yawa a haka. Kun tuna yadda gari ya yi? Mutum ya rasu a ƙauye, ɗan'uwansa na Tsafe bai ji ba sai bayan an yi addu'ar bakwai. Ba kasuwa, ba waya, hanya kuma a na tsoronta. Abin da ya yi yawa a lokacin nan shi ne ji-ta-ji-ta. Wani ya ce an ce, wani ya ƙara gishiri, ba kuwa wanda ya je ya gani balle ya ƙaryata.

A nan zan faɗi laifin kaina, don kada ku ce Malam wa'azi ya ke yi wa mutane shi ya tsira. Ina yaro akwai wata ruga kusa da ƙauyenmu. Mahaifina ya kan bar su su sauka a gonarsa bayan an kawar da amfani, shanu su ci kara, su bar masa taki. In an yi haihuwa a rugar mu kan je suna, in an yi a gidanmu su zo da ƙwaryar nono. Akwai yaro sa'ana a cikinsu, tare mu ke harbin tsuntsu. Da ƙasa ta rikice, aka yi masa haihuwa, ya aiko mini da goron suna. Rugar ba ta da nisa, rana tsaka ne, ba kuma wani abin da ya faru a wajen a lokacin. Ban je ba. Ba tsoron hanya ya hana ni ba, tsoron bakin mutane ne, kada a ce an gan ni a ruga. Ban ko aika da uzuri ba. Bayan wata biyu aka yi suna a gidana, shi ma bai zo ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Daga baya aka yi satar shanu a wani ƙauye, na ji a na ambaton rugarsu a bakin kasuwa. A da, da sai in ce, "Kai, ƙarya ne, shekaranjiya ina can." Ran nan ban iya cewa kome ba, gama na yi shekara ban taka wurin ba. Ba a daɗe ba suka kwashe suka tashi. Har yau ban san ko yana da hannu ko ba shi da shi ba, ban kuma san inda ya ke ba. Abin da na sani shi ne, ni na fara yanke igiyar.

Ban ce rashin zuwa suna ne ya kawo 'yan bindiga ba. Wannan masifa tana da dalilai masu yawa, da rikicin gona da burtali, da satar shanu, da bindigogi da suka yi yawa, da rashin adalci, da talauci. An kashe manoma, an kashe makiyaya, an sace mutane daga kowane ɓangare. Amma na tabbata mutanen da ke cin tuwon juna sun fi wuyar zugawa. Wanda ka san sunan 'ya'yansa, ba ka yarda da mugun labari a kansa sai ka bincika.

Kada kuma ku zaci mu kaɗai ke bukatar jama'a. A Ingila, ƙasar da ke da asibitoci da motoci da lantarki dare da rana, kaɗaici ya dami mutane, musamman tsofaffi, har a 2018 gwamnati ta ba wata minista aikin kula da wannan matsala. Japan ma ta yi haka a 2021. Likitocinsu sun gano cewa mutumin da ba ya cuɗanya da kowa ya fi saurin kamuwa da ciwon zuciya da damuwa. Watau abin da tsohuwa ke samu kyauta in ta je barka, a can sai gwamnati ta kafa ofis a kansa.

Yanzu mu koma kan mutumina da ya ce ya daina zuwa. Na ce akwai gaskiya a maganarsa, ga ta.

Ta fari ita ce ɓarna, ita ce kuwa ta fi damuna. Da kaka hatsi ya kan yi araha, lokacin nan ne kuma bukukuwa ke yawa. Sai mutum ya fasa rumbu ya sayar da buhu biyar don ya yi abin da za a ce wane ya yi. A kira maroƙa a yi ta liƙi, a ɗinka anko, a yanka abin da ba a da halinsa. Kwana biyu an watse. Kafin damina ta yi nisa, ga shi a kasuwa yana awon tiya tiya da tsada, irin hatsin nan da ya sayar da araha. Wani ma har ya jinginar da gona. Wannan ba zumunci ba ne, gasa ce. Duk amfanin da na lissafa muku, ba ko ɗaya da ya ke bukatar ka ci bashi. Waɗanda suka zo dominka za su zo ko fura ka dama. Waɗanda suka zo domin naman, ba su ne za su zo gayyarka ba. Ku iyayenmu mata, in ninkin biki ya kai inda sai kin sayar da akuyarki, ki sami ƙawarki ku koma ƙasa. Ba abin kunya ba ne, al'adar ma ta yarda da haka.

Ta biyu cuta. Inda mutane suka cunkushe, nan cuta ke samun hanya. Kun tuna sanƙarau na 2017, wanda ya fi tsanani a nan Zamfara. Amai da gudawa kuma ruwan sha da abinci ya ke bi. Saboda haka mai sha'ani ya tanadi ruwa mai tsabta, ya ajiye buta da sabulu inda za a ci abinci, da zafi kuma a zauna waje inda iska ke kaɗawa, kada a cusa mata da jarirai arba'in cikin ɗaki ɗaya. Mai zawo ko zazzaɓi mai zafi ya zauna gida ya aika da uzuri, asibiti ya kamata ya nufa.

Ta uku hanya. Ban ce kowa ya jefa kansa cikin halaka don tuwon suna ba. In an ce hanya ba kyau, kada ka bi. In za a je, a je da rana, a komo da rana, a bar taron dare. A sanar da mai unguwa ko dagaci in za a tara jama'a. In ba ka iya zuwa, ka buga waya, ko ka ba direba saƙo, ko da ɗan abin da ya sawwaƙa, don mai sha'ani ya san hanya ce ta hana ka. Amma na cikin gari fa? Maƙwabcinka da ke bayan katangarka, wace hanya ce ta hana ka zuwa nasa? Ga kuma baƙinmu da suka gudo daga ƙauyuka, suna zaune a kangaye da gidajen haya a Tsafe da Gusau. Sun bar ƙawayen bikinsu da abokan gayyarsu a warwatse. Matar da ta ajiye kuɗinta a gida ashirin, yau ba ta san inda gidajen su ke ba. In irin wannan ta haihu, wa zai zo mata barka? Ku aika musu da goro in kuna sha'ani, in su ke yi kuma ku je, ko ba a kira ku da suna ba.

To, yanzu a ɗauko littafi da fensir. Kowa ya buɗe sabon shafi, ya ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya kasu uku. A gida na fari ka rubuta sunan wanda ya zo sha'aninka na ƙarshe. A na biyu garinsu ko unguwarsu. A na uku abin da ya kawo, in kuɗi ne da lamba, in ƙafarsa kaɗai ya kawo ka rubuta "ya zo". Wanda bai gama iya haɗa baƙi ba ya zauna kusa da wanda ya iya. Suna biyar sun isa yau. Sauran ku ƙarasa a gida, ku tambayi matanku, sun fi ku riƙewa. Ran Laraba kowa ya zo da nasa mu duba.